YOLA, BABBAN BIRNIN FOMBINA: TARIHINTA DA RABONMU A CIKINSA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne wata tambaya da wani saurayi ya yi mana a taron ƙungiya da ya wuce. Yaron nan a Jimeta aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, kakansa kuwa a maƙabartar garin nan yake kwance. Ya ce ya je wani ofishi neman takardar shaidar zama ɗan gari don shiga makaranta, aka tambaye shi garinsu, ya ce Yola. Aka ce masa a'a, asalin asali ake nufi. Sai ya tashi a gaban dattawa ya ce, "Iyayenmu, ku gaya mana, mu baƙi ne a garin nan ko kuwa 'yan gari ne?" Wallahi sai wuri ya yi tsit, kowa yana duban ɗan'uwansa. Mun san kuɗin buhun shinkafa na jiya da na yau, mun san motar da ta taso daga Kano da wadda ta taso daga Anaca, amma tarihin garin da muke ci muke sha a cikinsa ya gagare mu. To, wannan shi ne ɗan abin da muka tattara, domin mu ba yaron nan da ire-irensa amsa.

KAFIN A KAFA YOLA

Da farko ya kamata mu sani cewa ƙasar nan ba kango ba ce kafin zuwan Fulani, balle zuwanmu. Akwai Bata a bakin kogin Binuwai, akwai Vere a kan duwatsun kudu, akwai Camba da sauran ƙabilu masu yawa, kowa da garinsa da sarautarsa. Fulani makiyaya sun shigo da shanunsu tun da daɗewa, galibi ta wajen Barno, suka zauna a ƙarƙashin ardo-ardonsu.

A cikinsu ne Allah ya fito da Modibbo Adama ɗan Ardo Hassana. Ya yi karatu a ƙasar Barno har ya zama malami, abin da ake cewa Modibbo da Fulatanci ke nan. Da labarin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya iso, sai shugabannin Fulani na wannan yanki suka tura wakilai wurin Shehu, Modibbo Adama yana cikinsu. Shi Shehu ya zaɓa ya ba tuta, a shekarar 1809 bisa ga mafi yawan marubuta, ya naɗa shi Lamiɗon Fombina, watau sarkin ƙasashen kudu. Daga sunansa ne aka sami kalmar Adamawa da muke kiran jiharmu da ita a yau.

Mazauninsa na farko shi ne Gurin, a bakin kogin Faro, cikin Ƙaramar Hukumar Fufore ta yanzu. A nan ya shafe fiye da shekara ashirin. Masallacin Gurin sananne ne a ƙasar nan, domin da kara da zana aka yi shi, kuma jama'ar garuruwan da ke kewaye su ne suke haɗuwa suna sabunta shi, uba ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika, har zuwa zamanin nan namu da aka mai da shi ginin siminti. Wajen 1831 Modibbo ya tashi daga Gurin ya koma Ribadu, daga nan ya matsa zuwa Njoboliyo wajen 1839, sa'an nan a 1841, daidai da wajen 1257 ta Hijira, ya sauka a kan wani tudu da ke gefen fadamar Binuwai. Tudu irin wannan shi Fulani suke cewa yolde, daga nan sunan Yola ya fito.

In mutum ya dubi wurin da idon ɗan kasuwa zai gane dabarar. Ga tudu wanda ambaliya ba ta kai masa, ga fadama mai ciyawa ga shanu da dawaki har cikin rani, ga tafkin Njuwa, ga kogi kusa wanda yake ɗaukar kaya gabas da yamma, kuma ga hanyar Barno ta arewa da hanyar tsaunukan kudu sun haɗu. Modibbo Adama bai daɗe a sabon garin ba, Allah ya yi masa rasuwa a 1847. Allah ya jiƙansa da rahama.

YADDA GARIN YA GIRMA

'Ya'yansa huɗu ne suka gaje shi bi da bi: Lamiɗo Lawal daga 1847 zuwa 1872, Lamiɗo Sanda daga 1872 zuwa 1890, Lamiɗo Zubairu daga 1890 zuwa 1901, sai Bobbo Ahmadu daga 1901 zuwa 1909. A zamanin ukun farko ne Yola ta zama uwa ga ƙananan masarautu fiye da arba'in. Garwa da Marwa da Ngaundare da Tibati da Banyo da Rai Buba, waɗanda duk suke cikin Kamaru a yanzu, nan suke kawo gaisuwa, ita kuma Yola tana kai tata Sakkwato. Babu wata masarauta a daular Usmaniyya da ta kai Fombina faɗin ƙasa.

A watan Yuni na 1851 wani Baturen Jamus mai suna Heinrich Barth, wanda yake kiran kansa Abdulkarim, ya iso Yola daga Kukawa. Kwana kaɗan ya yi Lamiɗo Lawal ya sallame shi, saboda ya zo tare da manzannin Barno a lokacin da ake jayayya a kan iyaka. Duk da haka ya rubuta abin da ya gani. Ya ƙiyasta mutanen garin sun kai 12,000. Ya tarar da gari buɗaɗɗe marar ganuwa, ɗakunan ciyawa a cikin manyan gidaje har da gonaki a tsakaninsu, ginin ƙasa sai a gidan sarki da na 'yan'uwansa. A lokacin ba a ciniki da wuri kamar a Kano, da sawayen saƙi ake yi, waɗanda Fulani suke kira leppi. Ku duba fa, shekara goma kacal da kafa gari.

To, a nan ne maganarmu ta shigo. Fada tana kafa gari, amma ba ta iya ciyar da shi ita kaɗai. Sarki yana bukatar riguna da rawuna da zai yi kyauta, mayaƙa suna bukatar sirdi da linzami da takobi, mata suna bukatar turkuɗi da duwatsun ado, kowa yana bukatar gishiri da kanwa. Su wa suke kawo waɗannan? Fataken Hausa da na Barno ne, da jakunansu da takarkarinsu, daga Kano da Katsina da Zazzau ta hanyar Bauci da Muri. Tare da su marina suka zo, da masaƙa da dukawa da maƙera da mahauta da wanzamai, har da makaɗa da maroƙa. Wanda ya ga kasuwa ta karɓe shi sai ya yi aure ya kafa gida. Unguwar Wuro Hausa da ke cikin Yola gari sunanta kaɗai ya isa shaida, domin da harshen masu gari aka raɗa mata shi, ma'anarsa garin Hausawa. Ai ba a ba baƙon kwana uku unguwa.

Haka kuma malamai. Modibbo Raji, almajirin Malam Abdullahi na Gwandu, ya taso daga ƙasar Gwandu da niyyar wucewa gabas zuwa Makka, amma Allah ya nufa a Yola zai zauna, ya karantar a zamanin Lamiɗo Lawal har ƙarshen rayuwarsa. Da irin waɗannan baƙi na ilmi da na fatauci garin ya cika ya tumbatsa.

Daga Yola kakanninmu suka riƙa nausawa kudu, Konca da Banyo da Tibati da Ngaundare, har ƙasar Bamum, suna neman hauren giwa da goro. Unguwar Hausawa da ke Birketari a Yawunde ta yau reshe ce ta wannan tafiya. Amma gaskiya ɗaya ce, ba za mu ɓoye ta ba: cikin kayan da aka riƙa fitarwa daga ƙasar nan a wancan zamani har da bayi, kuma fatakenmu suna da hannu a ciki dumu-dumu. Jikokin waɗanda aka kama ɗin maƙwabtanmu ne a yau, muna haɗuwa a kasuwa da asibiti da makaranta. Wanda yake son a ba shi rabonsa na alheri a tarihi, tilas ya amsa rabonsa na laifi, ya nemi gafarar Allah ga magabata, ya kuma sassauta harshensa in yana magana da mutane.

ZUWAN TURAWA DA RABA ƘASA

Tun cikin shekarun 1880 Kamfanin Neja na Ingilishi ya kawo jirginsa ya girke a kan kogi yana saye da sayarwa. Faransawa ma suka turo nasu, wani soja mai suna Mizon, wanda ya ba Lamiɗo Zubairu igwa biyu. Jamusawa kuma suna tahowa daga kudu. A 1893 Ingila da Jamus suka zauna a can Turai suka ja layi a kan takarda, suka bar Yola a ɓangaren Ingilishi, mafi yawan ƙasarta kuwa a ɓangaren Jamus, ba tare da an tambayi Lamiɗo ko talakansa ba.

Ranar 2 ga Satumba, 1901, lokacin da kogi ya cika, sojojin Ingilishi a ƙarƙashin Kanar Morland suka iso da jiragen ruwa suka auka wa Yola. An gwabza a ƙofar fada da masallaci, amma makamai ba ɗaya ba. Lamiɗo Zubairu ya ƙi miƙa wuya, ya fita ya ci gaba da yaƙi da Jamusawa a Garwa da Marwa, har aka kashe shi a 1903 a wajen Gudu. Turawa suka naɗa ƙanensa Bobbo Ahmadu, daga baya kuma suka tuɓe shi a 1909. Bayan Yaƙin Duniya na Farko Faransa ta gaji mafi yawan rabon Jamus. Sai a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ne wani yanki, irin su Mubi da Ganye da Gashaka, ya zaɓi zama a Nijeriya, aka kira shi Lardin Sardauna.

Ku yi tunani, 'yan'uwa. Birnin da ya yi mulki har Tibati ya wayi gari yana bakin iyaka, kai ya rabu da gangar jiki. Da wani garin ne da ya mutu. Misali ba ya da nisa: Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, yau kufai ce. Birnin Gazargamu, wanda sarakunan Barno suka zauna a cikinsa fiye da shekara ɗari uku, an watse daga cikinsa a wannan zamanin dai, yau sai burbushin jan bulo. Gurin da Ribadu suna nan da mutanensu da darajarsu, amma tun da fada ta tashi ba su sake zama cibiya ba. To me ya hana Yola bin sahunsu?

JIMETA DA KOGI

Amsar tana da rassa biyu. Na farko, gidan sarauta bai yanke ba, zuriyar Modibbo Adama ce take kan gado har gobe. Marigayi Lamiɗo Aliyu Musɗafa shi kaɗai ya yi shekara 57 yana sarauta, daga 1953 zuwa 2010, sa'an nan ɗansa Lamiɗo Muhammadu Barkindo ya gaje shi, Allah ya ƙara masa lafiya. Na biyu kuwa, kasuwa ba ta tashi ba, matsawa ta yi zuwa bakin ruwa.

Jimeta, wadda take wajen kilomita 9 daga Yola gari, ita ce mashigin jirage. Da damina, in ruwa ya kawo, jiragen kamfanoni irin su John Holt da U.A.C. suna hawowa daga Burutu da Lakwaja su sauke gishiri da atamfa da kananzir da kwanon rufi, su ɗebi gyaɗa da auduga da fatu da ƙaro. Turawa suka kafa bariki da ofisoshinsu a nan. Dillalai da 'yan dako da masu awo da 'yan koli suka yi ta kwararowa daga ƙasar Hausa, yawancin kakanninmu na kusa a wannan zango suka zo. Dubi sunayen unguwannin Jimeta: Limawa, Alƙalawa, Gwadabawa, Ajiya, Yalwa, ga kuma Luggere da Rumde da Nasarawo da Dubeli. Rabi Hausa, rabi Fulatanci, suna jere kafaɗa da kafaɗa. Tarihin garin ke nan a rubuce a jikin unguwanninsa, ko wanda bai yi boko ba yana iya karanta shi.

Daga baya harkar jirage ta ja baya, tun daga lokacin Yaƙin Basasa, ga kuma tituna da manyan motoci sun karɓe kaya, ga yashi ya cike kogi. A 1982 aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a Kamaru, ruwan Binuwai ya koma hannun masu buɗewa da rufewa, kuma ba mu manta ambaliyar 2012 da ta 2022 ba. Amma kafin nan Allah ya kawo wata hanyar: a 1976 Yola ta zama babban birnin Jihar Gongola, a 1991 da aka cire Taraba ta zama ta Jihar Adamawa. Aka kafa jami'ar tarayya a 1981, wadda take ɗauke da sunan Modibbo Adama a yanzu. Ma'aikata da ɗalibai suka maye gurbin jirage wajen raya kasuwa.

DARASI DAGA ƘASAR SIN

Mutanen ƙasar Sin ne suka gina madatsar Lagdo ɗin nan da muka ambata, kuma yau rabin kayan da ke rumfunanmu daga can suke, har wasu daga cikinmu suna zuwa sari da kansu. To a can akwai wani tsohon birni da labarinsa ya yi kama da abin da muke faɗa, sai dai shi ya girme wa Yola nesa ba kusa ba. Sunansa na da Cang'an, ma'anarsa zaman lafiya mai ɗorewa, yanzu kuwa Shi'an ake kiransa. Ya zama babban birni a zamanin daular Han tun kafin haihuwar Annabi Isa da shekara kamar ɗari biyu, ya kuma kai ƙarshen ƙarfinsa a zamanin daular Tang, daga 618 zuwa 907, watau tun daga zamanin Manzon Allah har zuwa tsakiyar mulkin Abbasiyawa. An ƙiyasta mutanensa sun kai miliyan ɗaya a lokacin.

Daga wannan birni ne Hanyar Siliki take tashi, ta ratsa hamada har Farisa da Sham. Yana da manyan kasuwanni biyu, ta gabas da ta yamma, ana buɗe su da tsakar rana da bugun ganga, a rufe kafin faɗuwar rana. Kasuwar yamma ita ce ta baƙi, Farisawa da Larabawa da mutanen Samarƙandu, da raƙumansu. Zangonsu ke nan, kamar yadda namu yake. A cikinsu akwai Musulmi, kuma allon dutse da ke babban masallacin birnin yana nuna shekarar 742 ce farkon kafa shi.

Me ya kashe Cang'an? Fitina ce daga cikin gida. Tawayen wani janar mai suna An Lushan ya tashi a 755, aka ci birnin, hanyoyin fatauci suka lalace. Wani tawayen ya sake cin sa wajen 880. A 904 wani mai ƙarfi ya tilasta wa sarki ƙaura zuwa Luoyang, aka rushe gidaje aka kwashe katakonsu ta kogi. Daga nan bai sake zama mazaunin babbar daula ba. Amma garin bai zama kufai ba, domin hanya tana bi ta nan kuma masu sana'a ba su tashi ba. Har yau unguwar Musulmi tana tsakiyar birnin da masallacinta da kasuwarta. Jikokin baƙin jiya sun zama 'yan gari, harshen ƙasar suke yi, ginin masallacinsu ma irin na ƙasar ne na katako, amma ba su saki salla ba. Kuma mutanen birnin sun riƙe tarihinsu da kyau: ganuwarsu mai tsawon kusan kilomita 14 tana tsaye, kuma sojojin yumɓu da manoma suka tono a 1974 suna cikin haƙar rijiya, yau duniya ce take zuwa kallonsu tana biyan kuɗi.

AMSARMU GA MATASA

To, ɗanmu mai tambaya, ga amsarka. Ba mu muka kafa Yola ba, kuma ba mu muka riga kowa zuwa bakin kogin nan ba. Tuta ta Modibbo Adama ce, ƙasa kuwa an tarar da masu ita. Duk Bahaushen da ya ce ba haka ba ya faɗi son ransa. Amma kuma ba jiya muka zo ba. Da hannun kakanninka aka rina tufar garin nan, aka ɗinka takalminsa, aka yanka namansa, aka ɗauki kayansa daga jirgi zuwa tudu. Baƙo raɓa ne, in rana ta fito ya tafi. Wanda ya binne kakansa a gari, ya gina masallaci, ya biya haraji shekara ɗari, ya wuce a kira shi raɓa. Maganar takarda kuwa shugabannin ƙungiya suna bin ta ta hanyar da ta dace, da ladabi, ba da hayaniya ba.

Sai dai zama ɗan gari yana da nauyi. Mu da muka ga rikicin Maitatsine na 1984 muna yara, lokacin da kasuwar Jimeta ta ƙone aka rasa rayuka masu yawa, muka kuma ga yadda garin ya cika da 'yan gudun hijira a 2014 bayan an ci Mubi, da bama-baman da suka tashi a kasuwa da masallaci a 2015, mun san cewa abin da ya rushe Cang'an yana iya rushe kowane gari. In fitina ta tashi, rumfar ɗan kasuwa ce take fara cin wuta. Saboda haka babu wanda ya fi mu bukatar zaman lafiya, kuma babu wanda ya kamata ya riga mu kashe wutar gaba, ko ta ƙabila ko ta addini ko ta siyasa.

Muna ba ƙungiya shawara uku. Na ɗaya, a naɗa matasa masu ilmi su zagaya wurin tsofaffinmu da suka rage, maza da mata, a ɗauki maganarsu a waya a kuma rubuta: daga wane gari kakan kowane gida ya taso, a zamanin wane Lamiɗo, da wace sana'a. Kowace shekara muna binne littattafai a maƙabarta ba mu sani ba. Na biyu, makarantun Islamiyyarmu su riƙa kai yara ziyara gidan tarihi na fadar Lamiɗo da kuma Gurin, tafiyar yini ɗaya ce, gani kuwa ya kori ji. Na uku, mu bar 'ya'yanmu su koyi Fulatanci, mu ma mu gyara namu. Abin kunya ne mutum ya yi shekara arba'in a gari bai iya gaida tsoho da harshensa ba, don kawai kowa yana jin Hausa.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Inda muka yi daidai daga Allah ne, inda muka yi kuskure daga gare mu ne, kuma ƙofa a buɗe take ga malamai da dattawan da suka fi mu sani su aiko da gyara a fitowa ta gaba. Allah ya jiƙan Modibbo Adama da sarakunan da suka biyo bayansa, ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da suke kwance a ƙasar nan, ya zaunar da Yola da Jimeta da Nijeriya baki ɗaya lafiya, ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.